Labarin Mariri, Naman Dajin Da Ya Ɓace Ya Komo

Yau ina so in ba ku labarin wani naman daji wanda a ke kira mariri. Da yawa daga cikinku kun ji sunansa a bakin tsofaffi, amma da wuya a sami wanda ya taɓa ganinsa da idonsa. Dalilin wannan kuwa, shi ne abin da na ke so ku riƙe.

Kamanninsa

Mariri dangin barewa ne, amma ya fi ta girma nesa. Babban namiji ya kan kai nauyin buhu biyu na gero. Jikinsa fari ne, sai wuya da ƙirji su ne ja-ja. Namiji da tamata duka suna da ƙaho biyu dogaye, sirara, sun lanƙwasa baya kamar baka. Tsawon ƙahon ya kan kai ƙafa 3 ko 4. In ya karye ba ya sake fitowa.

Wurin zamansa shi ne bakin hamada, watau ƙasar nan da ke tsakanin rairayi tsantsa da gonaki, inda ciyawa ke fita kwana kaɗan da damina. A dā ana samunsa tun daga Muritaniya, ta kan Mali da Nijar da Cadi, har Sudan.

Yadda ya ke jimre ƙishirwa

To, yaya dabba mai wannan girma za ta zauna inda babu tafki babu rafi? Ku saurara ku ji abin mamaki. Mariri ya kan yi watanni bai sa bakinsa a ruwa ba. Ruwansa yana cikin abincinsa. Ya kan ci ciyawa irin su ƙarangiya, da ganye, da 'ya'yan itatuwan ƙaya, da gunar daji mai ɗaci. Da dare da asuba ya fi yin kiwo, sa'ad da ciyawa ta ke da laima. In rana ta take sai ya nemi inuwa ya kwanta.

Har wa yau, ba ya ɓarnar ruwan jikinsa. Zafin jikin mutum mai lafiya 37 ne a ma'aunin likita, in ya hau kaɗan sai gumi ya karyo. Mariri kuwa ya kan bar jikinsa ya yi zafi har 46 kafin ya soma gumi. Ƙwaƙwalwarsa ba ta cutuwa, gama jinin da ya huce a cikin hancinsa shi ke sanyaya jinin da zai hau kai. Farin gashinsa kuma yana rage masa zafin rana.

Zamansa a garke

Mariri ba ya son zaman kaɗaici. Garke ɗaya ya kan kai 10, ko 20, har 40. Da damina su kan yi arewa suna bin sabuwar ciyawa, da rani su gangaro kudu, kamar yadda makiyaya ke yi. Lokacin wannan tafiya garkuna su kan haɗu su zama dubbai. A shekarar 1936 an ga taro ɗaya a ƙasar Cadi wanda aka ƙiyasta ya kai 10,000.

Tamata ta kan yi ciki wata 8 da 'yan kwanaki, ta haifi ɗa guda. Launin ɗan kamar na rairayi ne, in ya kwanta ba ka ganinsa sai ka zo daf da shi. Ku lura da wannan: ɗa guda ne rak. Dabbar da ke haihuwa ɗai ɗai, in an yawaita kashe ta ba ta iya mayar da gurbi.

Yadda ya ƙare

Tun zamanin kakanni a ke farautarsa. Buzaye su kan yi garkuwa da fatarsa saboda kaurinta, su busar da naman su yi guzuri. Amma farautar doki da kare da māshi ba ta taɓa ƙarar da shi ba, gama maharbi ya kan gaji, dokinsa ya ji ƙishirwa, ya komo gida.

Sai mota ta shigo, da bindiga mai harbi ba tsayawa. Mota ba ta gajiya. A kan kori garke cikin tsakar rana har numfashinsu ya ƙare, su zube. Sa'an nan aka haƙa rijiyoyi masu zurfi a makiyayarsa, shanu da raƙuma suka zauna shekara cur a wurin da dā ba su iya zama sai da damina. Farin 1973 da na 1984 suka ƙara tsananta abin. Yaƙin basasa na Cadi kuma ya cika daji da bindigogi.

Ba a rasa doka ba. A Nijar an keɓe dajin Gadabeji, arewa da Dakoro, tun 1955, mariri na cikin dabbobin da aka so a tsare. A Cadi an keɓe dajin Wadi Rime da Wadi Ashim a 1969. Amma doka a takarda ba ta tare harsashi. Cikin shekarun 1980 aka yi masa ganin ƙarshe a Nijar da Cadi. A shekarar 2000 masana suka tabbatar babu sauran ko ɗaya a daji. Dabbar da ƙishirwa ta kāsa, mutum ya gama da ita cikin abin da bai kai rayuwar tsoho guda ba.

Yadda ya komo

Abin da ya cece shi, cikin shekarun 1960 an kama waɗansu kaɗan a Cadi, an kai su gidajen ajiye namun daji a ƙasashen waje. Can suka hayayyafa. Daga baya gwamnatin Cadi ta haɗa kai da hukumar kula da muhalli ta Abu Dabi. A watan Maris na 2016 aka ɗauko 25 a jirgin sama aka kawo su Cadi. Aka tsare su a shinge su saba da ƙasar, da ruwa ya sauka a watan Agusta aka buɗe musu ƙofa. An sa musu wani abin wuya mai aika labarin inda su ke ta tauraron ɗan Adam. Kafin shekarar ta fita tamata ɗaya ta haihu a daji.

Aka yi ta kawo waɗansu. Cuta ta kashe waɗansu, gobarar daji ta ci makiyaya, amma ba a fasa ba. A ƙarshen 2023 yawansu a daji ya kai wajen 600, aka cire sunan mariri daga cikin dabbobin da suka ƙare a daji. Duk da haka aka bar shi cikin waɗanda ke bakin halaka, gama 600 ba su kai ko ushirin garken nan guda na 1936 ba.

Ba a kori makiyaya daga dajin ba. Suna kiwo, mariri na kiwo. Masu gadin daji su kan bi su zango zango suna yi musu bayani, makiyayin da ya ga abin da bai gamshe shi ba ya kai labari. Wannan ne tsaron da dā aka rasa.

Abin da ya rage gare ku

Ku dubi wahalar da aka sha: jiragen sama, da likitoci, da dukiya mai yawa, da shekaru, duk don a mayar da abin da dā ya ke nan kyauta. Ɓarna sauƙi gare ta, gyara ke da wuya. Mariri ya yi sa'a an ajiye irinsa, ba kowace dabba ke samun haka ba.

Hausawa sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ku tambayi dattawan garinku, yaushe rabonsu da ganin barewa ko jimina a bayan gari? Saboda haka, kai maharbi, kada ka harbi mai ciki ko mai shayarwa. Kai matafiyi, kashe wutarka kafin ka bar zango. Kai mai saye, kada ka sayi ɗan barewa a bakin hanya, gama sayenka shi ke aika wani ya kamo na gaba. Kai kuma da ka iya karatu yanzu, karanta wa wanda bai iya ba, ya ji.

Wasalam.