Makullin Na'ura a Linux: Wa Ya Kamata a Ba?



Yau zancenmu kan Linux ne, manhajar da Linus Torvalds ya fara a 1991. Ɗalibi ya sayo ƙaramin allon Arduino, ya jona a kwamfutarsa mai Ubuntu, wani nau'in Linux, yana ɗokin tura aikinsa na farko. Fitilar allon ta kama, amma kwamfuta ta ce ba shi da izini. Kebul lafiya lau, allo lafiya lau. To, me ya hana?

Mai gadi ne ya tare shi. A Linux akwai wani sashe mai suna udev, duk na'urar da aka jona shi ke yanke wanda zai taɓa ta. A Ubuntu, ƙofar irin wannan allo ta 'yan rukunin dialout ce. Maganin farko ke nan: ɗalibi ya sa sunansa a rukunin, ya fita daga asusunsa ya sake shiga.

Idan na'urar ba ta da ƙa'idar udev da ta dace da ita fa? Sai ka rubuta taka. Amma ina roƙonku, kada ku taɓa ƙa'idojin asali da ke /usr/lib/udev/rules.d, domin ranar da aka sabunta manhaja, gyaranku ya tafi. Wurin mai kwamfuta shi ne /etc/udev/rules.d. Fayil ɗin da ka ajiye a can, in sunansa ɗaya da na asali, naka ake bi. Umarnin lsusb zai nuna maka lambar kamfanin da ya ƙera na'urar. Ta Arduino 2341 ce. Da ita za ka ambaci na'urorin wannan kamfani su kaɗai a ƙa'idar taka.

Ga inda nake jan kunne. Wasu don gaggawa sukan sa izinin 0666, wanda ke buɗe na'urar ga kowane asusu da ke kwamfutar. A ɗakin kwamfutocin makaranta, inda hannaye da yawa ke taɓa inji ɗaya, wannan garin neman gira ne a rasa ido. Ka sa 0660, ka faɗi rukunin da ka amince da shi. Sannan ka zare na'urar ka sake jonawa, ka gwada.

Makulli amana ne, a ba wanda aikin ke hannunsa.