Tsanin Gado Da Ke Jikinmu: Jawabin Kwamitin Lafiya A Taron Shekara

Masu girma sarakunan Hausawa, malamanmu, iyayenmu mata, wakilan Fatakwal da Anacha, da masu masaukinmu na nan Inugu, barkanmu da ganin juna. Allah Ya sa an baro gida lafiya.

Yau za mu yi magana ne a kan wani abu da ido ba ya gani, amma yana halartar kowane ɗaurin aure da muke yi. Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To, ta wace hanya ɗa ke ɗauko kamannin iyaye?

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi, kuma a cikin kusan kowace ƙwaya akwai wani siririn zare da masana ke kira DNA. A shekarar 1953 ne James Watson da Francis Crick, a Jami'ar Kambirij ta Ingila, suka bayyana siffarsa, da taimakon hotunan da Rosalind Franklin ta ɗauka. Ku ɗauka tsani ne aka kama shi sama da ƙasa aka murɗa. Kowace matakala haruffa biyu ce riƙe da juna, haruffan kuwa huɗu ne kacal: A da T da G da C. A ba ya kama kowa sai T, G kuma sai C. Jerin haruffan nan shi ne rubutun da jiki ke bi. An naɗe shi ƙunshi 46, uba ya ba da 23, uwa ta ba da 23.

Yaya rubutun ke yaɗuwa? Idan ƙwaya za ta rabu biyu, sai tsanin ya tsage ta tsakiya kamar an zuge zif. Kowane ɓari sai ya jawo sababbin haruffa, A ya samo T, G ya samo C, har a sami tsani biyu iri ɗaya, kowanne rabinsa tsoho rabinsa sabo. Meselson da Stahl sun tabbatar da haka a Amurka a 1958. Jiki na da masu duba wannan kwafi suna gyara, amma wani sa'in harafi kan sauya ya zauna haka, a yi ta gadonsa.

'Yan uwa, nan ne maganar ta shafe mu. Cutar amosanin jini, wato sikila, harafi ɗaya ne tak asalinta: a ƙunshi na 11, inda ya kamata a ga A sai T ya zauna. Saboda wannan sai ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi, yaro ya kwana yana kukan ciwon ƙashi. Lafiyayyar ƙwayar jini kan yi kwana 120, ta mai sikila kuwa 10 zuwa 20. Da yawa daga yaran da a da muke ce wa 'yan wabi, maƙwabtanmu Inyamurai kuma ke ce wa ogbanje, wannan ciwo ne ya ɗauke su.

Wanda ya gaji harafin daga ɓangare ɗaya shi ne AS. Lafiyarsa lau, har ma yana da ɗan kariya daga mugun zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa irin ya yawaita a ƙasashenmu. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya haka yake. Amma in AS ya auri AS, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Ku lura, kowane ciki nasa lissafin daban. Ana iya haifar uku a jere duk masu ciwon. Kuma a daina ɗora wa uwa laifi, gado ne daga ɓangare biyu.

A 2024 Gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na jinotaif. Mu mazauna Kudu wannan doka ba ta iso mu ba, alhali mu ne muka fi aurar da 'ya'yanmu a tsakaninmu, gida da gida, dangi da dangi. Saboda haka kwamiti na roƙon abu uku.

Na ɗaya, a gwada yara tun suna ƙanana. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Fatakwal da na Jami'ar Nijeriya da ke Ituku-Ozalla duk suna yi. A ce jinotaif ake so, domin gwajin rukunin jini na A da B da O daban yake.

Na biyu, a duba takarda kafin a karɓi kuɗin gaisuwa. In an bari har an sa rana, an haɗa lefe, wa zai iya cewa a fasa?

Na uku, masu sikila 'ya'yanmu ne. A kare su daga sauro da sanyi, a ba su ruwa da yawa, a riƙa kai su asibiti. Suna karatu, suna kasuwanci, suna aure, musamman da mai AA.

Mun san komai na Allah ne, amma Shi ne Ya ba mu ilmin, kuma rigakafi ya fi magani. Muna roƙon limamanmu su ɗauki wannan magana zuwa masallatai.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya mai da kowa gidansa lafiya.