Kada ka yabi littafin da ba ka karanta ba, kada kuma ka kushe shi

Wannan jawabi ne da wani malami ya gabatar wa matasa a zaman da suka saba yi bayan sallar La'asar, inda kowa kan zo da littafin da ya karanta a cikin watan ya ba 'yan'uwa labarinsa. Ga abin da jawabin ya ƙunsa.

Bayan yabo ga Allah da salati ga Manzo (SAW), malamin ya fara da jinjina wa matasan bisa wannan zama, ya ce a lokacin da waya ta cinye wa mutane dare da rana, samun samari suna miƙa wa juna littafi abin a gode wa Allah ne. Amma ya ce akwai wata cuta da ta shigo majalisun matasa, wadda in ba a yi maganinta ba zaman zai koma hirar teburin mai shayi. Cutar kuwa ita ce mutum ya ga bangon littafi, ko a turo masa shafi biyu ta WhatsApp, sai ya tashi yana cewa kowa ya nemi littafi kaza, ko kuma kowa ya guje shi, alhali shi kansa bai wuce gabatarwa ba.

Ya ce duk wanda ya ce wa ɗan'uwansa "karanta wannan", to shaida ya bayar, kuma ya ɗauki amanar kuɗin ɗan'uwan da lokacinsa da tunaninsa. Ɗalibin da ya tara kuɗin abincinsa na kwana uku ya sayi littafi saboda maganarka, in ya tarar da shirme, ba zai sake yarda da kai ba, wataƙila ma ba zai sake sayen littafi ba.

Malamin ya ci gaba da cewa ba wa juna labarin karatu ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Ya kawo misalin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rubuta littafi guda mai suna Ida'un Nusukh don kawai ya lissafa malaman da ya yi karatu a wajensu da littattafan da ya karanta a gaban kowannensu. Ya ce a dubi yadda magabata suke: mutum ba ya jingina kansa da littafi sai ya faɗi inda ya karanta shi da wanda ya karantar da shi.

Daga nan sai ya kawo abubuwa biyar da ya ce ya kamata duk mai ba da shawarar littafi ya iya faɗa kafin ya buɗe baki: wane ne ya rubuta shi, a wane zamani, me ya ƙunsa daga farko har ƙarshe, me ya amfane ka da shi, sannan a ina ka ga bai gamsar da kai ba. Ya ce na biyar ɗin nan shi ne ma'aunin, domin wanda ya karanta littafi da hankalinsa ba ya rasa inda ya tsaya ya yi tambaya.

Don ya nuna yadda ake yi, sai malamin ya ɗauko littattafan da ya zo da su ɗaya bayan ɗaya. Ya fara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Ya ce littafi ne ɗan ƙarami da za a iya gamawa a zama biyu, labarin yaron da aka sace aka sayar, aka ƙetara hamada da shi zuwa ƙasar Masar, mahaifiyarsa ta fita nemansa ita ma aka bautar da ita, ba su sake haɗuwa ba sai tana gab da rasuwa. Ya ce wanda ke son sanin abin da cinikin bayi ya yi wa iyalai a ƙasar Hausa ya fara da shi. Sai dai ya ja hankali cewa littafin ya nuna zafin bauta amma bai tsaya ya tuhumi tsarin da ya haife ta ba, don haka mai karatu ya riƙe wannan tambayar a ransa.

Na biyu shi ne Magana Jari Ce na Abubakar Imam, mai juzu'i uku, wanda ya fito tsakanin 1937 da 1939. Ya ce kusan kowa ya san aku da ke riƙe Musa ɗan sarki da labarai don kada ya faɗa tarkon mugun waziri, amma da yawa sun tsaya ne a juzu'in farko da aka karanta musu a firamare. Ya shawarci mai son gyara Hausarsa ya bi shi har na uku, inda akun ke koya wa ɗansa Fasih dabarun magana a gaban manya.

Da ya juya ga tarihi, ya ɗaga Infaƙul Maisur na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda aka rubuta a 1812, kuma akwai fassararsa da Hausa. Ya ce abin da ya fi jan hankali a ciki shi ne wasiƙun da aka yi musaya tsakanin shugabannin jihadi da Shehu Al-Kanemi na Barno, domin Bello ya kawo hujjojin wanda ke sukar su, sannan ya ba da amsa. Ya ce wannan darasi ne ga matashin da ba ya iya sauraron abokin jayayyarsa na minti biyu. Ya haɗa shi da Tazyinul Waraƙat na Malam Abdullahi, inda marubucin ya faɗi yadda ya bar rundunar jihadi ya nufi gabas saboda ganin son duniya ya shiga jama'a, har mutanen Kano suka tsayar da shi ya rubuta musu Liya'ul Hukkam.

A kan littattafan baya-bayan nan, ya ambaci Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, na 1982, wanda ya tona yadda fasa-ƙwauri da cin hanci ke tafiya hannu da hannu tsakanin attajiri da ma'aikaci. Sannan ya ɗauko Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, a nan ne wasu matasan suka fara murmushi. Malamin ya ce wannan murmushin shi ne ainihin abin da yake magana a kai, domin an yi wa littafin kuɗin goro da sunan littattafan soyayya, alhali labari ne na magidancin da ya kori matarsa mai 'ya'ya tara saboda amarya, da yadda matar ta yi ta fama ta riƙe 'ya'yan ita kaɗai. Ya ce duk saurayin da ke shirin aure ya karanta shi ya ga irin mijin da bai kamata ya zama ba.

Ya ƙara da cewa ba yana nufin duk abin da aka buga a Kano a wancan zamani ko ake turawa ta waya a yau mai kyau ba ne. Akwai na batsa da ɓata lokaci, kuma wanda ya buɗe ya ga haka ya rufe, ya faɗa wa 'yan'uwa abin da ya gani da idonsa. Abin da ya hana shi ne yanke hukunci da jita-jita, domin marubuci ma yana da haƙƙi a kanka.

Da aka zo tambayoyi, wani matashi ya ce shi ɗan kasuwa ne, ba ya samun lokaci. Malamin ya ce masa ya ware shafi 10 kullum bayan sallar Asuba kafin ya taɓa waya, a wata guda ya karanta shafi 300 ke nan, wato ya gama littafi babba ko ƙanana uku. Wani kuma ya koka da masu aron littafi ba su dawo da shi ba. Malamin ya ce wannan ɗabi'a ita ce ta kashe majalisun karatu da dama, domin wanda aka cinye wa littafi sau biyu sai ya kulle akwatinsa. Ya ba da shawarar a ajiye littafin rubutu guda a hannun mutum ɗaya, a rubuta sunan mai aro da ranar dawowa, wanda ya ɓatar kuma ya biya ba tare da an ji kunyarsa ba.

A ƙarshe ya nemi kowa ya zo zama na gaba da littafi ɗaya da ya gama, tare da amsoshin tambayoyin nan biyar a rubuce, wanda bai gama ba kuma ya zo ya saurara kawai. Ya rufe da addu'ar Allah ya ba da ilimi mai amfani, ya tsare harsuna daga shaidar abin da ido bai gani ba.