Ganuwa Amanar Kowa Ce

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa mutanen Miga da kewaye, maganarmu ta yau a kan ganuwa ce, wato katangar ƙasa da magabata suka kewaye birane da ita.

Tarihi ya nuna cewa Sarki Gijimasu (1095-1134) shi ya fara ginin ganuwar Kano, Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya faɗaɗa ta. Ba mutum ɗaya ya ɗauki ƙasarta ba, aikin gayya ne. Malami da maƙeri, ɗan gari da baƙo, duk wanda ya kwana a cikinta ta tsare shi. A nan kusa da mu kuwa, a cikin ganuwar Haɗeja Sarki Muhammadu ya tsaya wa sojojin Turawa har ya yi shahada ranar 25 ga Afrilu, 1906.

To, abin da igwar Turawa ta bari, mu ne muke ƙarasa shi da hannunmu. Wani ya haƙi ƙasarta ya yi tubali, wani ya yanki fili ya kafa shago, wani ya mayar da gindinta juji. Ginin ƙasa kuwa yana buƙatar yaɓe bayan kowace damina, balle a ƙasarmu ta fadama. Mutumin birni yana jiran hukuma, mazaunin Sabon Gari yana ganin ba ruwansa. A tsakanin wannan da wancan sai amana ta tozarta.

Mu dubi birnin Nikosiya na tsibirin Kuburus. Yaƙin 1974 ya tabbatar da rabuwarsa tsakanin Turkawa da Girkawa, amma tun daga 1979 ɓangarorin biyu suka amince da tsari guda na raya tsohon birnin da ganuwa ɗaya ta kewaye. Mu da babu shingen soja a tsakaninmu, wane uzuri gare mu?

Ba muna kira a nemi tabarruki da tarin ƙasa ba ne. Ganuwa shaida ce, kuma dukiyar jama'a ce, wanda ya ci daga gare ta ya ci haƙƙin waɗanda ba a haifa ba tukuna. Saboda haka, magini kada ya sayi ƙasar ganuwa, mai unguwa kada ya sa hannu a cinikin filinta, matasan kowane ɓangare su fito gayyar yaɓe tare.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.