Sabar Wasan Gem a Cikin Kwantena: Abin da Za Ta Iya Yi wa Shagunan Gem na Pantami



Wasan gem na mutane da yawa yana bukatar saba, wato kwamfutar da ke riƙe da duniyar wasan tana sanar da kowane ɗan wasa motsin sauran. Girka ta kan ba da wahala. Minecraft, alal misali, yana neman nau'in Java da ya dace da shi, kuma in aka saɓa, sabar ba za ta tashi ba. Maganin wannan shi ne kwantena: a ƙunshe manhajar wasan da duk abin da take dogara da shi a ƙunshi ɗaya, wanda zai yi aiki iri ɗaya a kowace kwamfuta. Docker, da ya fito a 2013, shi ya yaɗa dabarar. A 2018 kuma Google da Ubisoft suka fitar da Agones don sarrafa ɗimbin sabobi a kan manhajar Kubernetes, amma wannan na manyan kamfanoni ne, mai shago a unguwar Pantami ta Gombe bai bukace shi ba.

Abu biyu ake yawan yin sakaci da su. Na farko, dole a buɗe ƙofar da 'yan wasa za su shigo, lamba 25565 ga Minecraft, 30000 ga wasan Luanti, wanda kyauta ne. Na biyun ya fi ciwo: duk abin da aka ajiye a cikin kwantena yana tafiya da ita ranar da aka goge ta. Yaran da suka yi wata guda suna gina gari za su wayi gari babu ko tubali. Sai an keɓe wa duniyar wasan ma'aji a faifan kwamfutar, a wajen kwantenar.

Sai dai kwantena ba ta rage nisa. Haske a cikin wayar faiba yana gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, kuma saƙon ɗan wasa daga Gombe zuwa saba a Turai yakan bi ta Legas kafin ya shiga wayar ƙarƙashin teku, irin MainOne da ta fara aiki a 2010. Jinkirin tafiya da dawowa ba ya gyaruwa da dabarar manhaja. Ga kuma datar waya, wadda takan haɗa dubban mutane a adireshi ɗaya, har na waje ya kasa iso ga sabar da ke gidanka.

Saboda haka ra'ayina shi ne a fara daga cikin shago. Tsohuwar laftof mai Linux, rauta ɗaya, da batirin sola don kada ɗaukewar wuta ta lalata ajiyar wasa, sun isa yaran unguwa su yi wasa tare ba tare da sayen data ba. Ina kira ga ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere su ɗauki wannan a matsayin aikin kammala karatu, su girka wa masu shagunan gem na Pantami, su kuma koya musu kwafe ma'ajin kowane dare.