Jawabi a kan ciwon dajin ƙashi: ba kullum ake yanke ƙafa ba



Yau zancenmu a kan ciwon daji ne, wanda ke kama ƙashi. Ya fi kama yara da samari masu shekara 10 zuwa 20. Ya fi fitowa kusa da gwiwa, ko a damtse kusa da kafaɗa. Alamarsa ciwo ne mai tsanani da dare, da kumburi mai ƙaruwa, ko da yaro bai faɗi ba.

Da yawanmu tsoro ke hana mu zuwa asibiti. Muna cewa za a yanke ƙafar yaro. Gaskiya ne, kafin shekarun 1970 yankewa aka fi yi. Amma yanzu an samu ci gaba.

Ku dubi ɗaki. In gara ta ci azara guda, ba a rushe ɗakin. Ana cire azarar, a sa wata. Haka likita ke yi. Da fari ana ba da maganin kashe ciwon. Sannan a yi aiki, a cire wurin da ya ɓaci, a cike gurbin. Bayan aiki a ci gaba da magani.

Ga hanyoyi uku na cike gurbin:

1. A sa ƙarfe na musamman a madadin ƙashi.
2. A ɗauko siririn ƙashin da ke gefen ƙwauri, a dasa shi a gurbin. Mutum na iya tafiya ba tare da tsakiyar wannan ƙashi ba.
3. A ja ƙashin da ya rage da ƙarafa, milimita 1 kowace rana. Sabon ƙashi na tsirowa a baya. Santimita 10 na cin kwana 100, sannan a jira ya yi ƙwari. Wani likitan Rasha, Ilizarof, shi ya fito da wannan dabara a shekarun 1950.

Amma duk wannan sai an zo da wuri. In an daɗe, ciwon na bi ta jini ya kai huhu. In ya yi girma ainun, yankewa ce ke ceton rai.

Don haka kumburin da ba na karaya ba, kar a kai shi wurin maɗori. Kar a tsaga, kar a yi ƙaho. A je likita mafi kusa, a nemi hoton ƙashi. In da bukata za a tura ku babban asibiti, Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu lafiya.