Muhawara kan Hukuncin Kisa: Abin da Tarihin Faransa ke Koyarwa



Ban zo yau don in yanke muku hukunci a kan halaccin kisa ba, wannan fage ne na malaman shari'a da na addini. Tambayata ita ce: ta wace hanya al'umma mai mulkin dimokuraɗiyya ke yanke shawara a kan ran ɗan Adam?

Faransawa sun shafe shekara 190 suna wannan gardama. A 1791, ana tsakiyar juyin juya hali, ɗan majalisa Robespierre ya miƙe a majalisa ya nemi a soke hukuncin kisa, aka ƙi. A 1848 marubuci Victor Hugo ya sake tayar da maganar, ba a bi shi ba. A 1908 gwamnati da kanta ta kawo ƙudurin, ɗan majalisa Jean Jaurès ya mara mata baya. Sai dai shekara guda kafin nan wani mutum mai suna Soleilland ya kashe wata yarinya a Paris, shugaban ƙasa ya sassauta masa hukunci, jaridu suka hura wuta, jama'a suka fusata. Da aka kaɗa ƙuri'a, 330 suka ƙi, 201 suka yarda.

Ku lura, waɗanda aka kayar a 1908 ba su ɗauki makami ba, kuma ba a rufe musu baki ba. Sun koma suna rubutu, suna kare masu laifi a kotu, suna jiran wani zaɓen.

A 1981 ɗan takarar shugaban ƙasa François Mitterrand ya faɗa wa masu zaɓe ƙarara cewa ba ya goyon bayan hukuncin kisa, alhali ya san mafi yawansu suna so. Ya faɗa tun kafin zaɓe, suka zaɓe shi da saninsu. A watan Satumba ministan shari'a Robert Badinter ya gabatar da hujjojinsa a majalisa, 'yan adawa suka mayar da martani, ƙudurin ya wuce da ƙuri'a 363 a kan 117.

Mu gwada wannan da abin da muka gani a Nijeriya. A 1985 an harbe matasa uku kan fataucin miyagun ƙwayoyi a ƙarƙashin dokar soja da ta shafi har laifukan da aka aikata kafin a kafa ta. A 1995 aka rataye marubuci Ken Saro-Wiwa da wasu mutum takwas bayan shari'ar kotu ta musamman da babu ɗaukaka ƙara. Babu majalisar da ta tattauna, babu wakilin da aka tambaya.

Ko kana ganin kisa adalci ne ga iyalan mamaci, ko kana tsoron a kashe marar laifi, haƙƙinka ne a saurare ka. Dokar da ta taɓa rai dole a yi ta a bainar jama'a, da hujja, bayan fushi ya huce, kuma wanda ya kaɗa ƙuri'a a kanta ya dawo ya yi wa mazaɓarsa bayani. Wannan nake roƙon ku nema daga wakilanku.